Giyar hannu ko giyar kunne? Gardama a kan motar da babu mai ita a cikinmu

Rubutun yau dogo ne, kuma ba a kan kuɗin makaranta ko matsalar ɗakin kwana ba ne. Wanda ke da gwaji gobe da safe ya wuce abinsa, kada a ce ni na kayar da shi.

Daren Asabar da ta wuce muna zaune a teburin mai shayinmu na Yaba, mu kusan takwas, an tashi daga kallon ƙwallo kowa na jiran indominsa. Sai wani abokinmu ɗan Gusau, wanda ke aikin sanin makama na wata shida a Victoria Island, ya zaro waya ya nuna mana bidiyon da ya ɗauko. Jar Ferrari 458 ce aka ajiye a ƙofar wani otal, gilashi a sauke, shi kuma mutumin naku ya lallaɓa ya leƙa da kyamara kafin mai gadi ya kore shi. Ya ce, “Ku duba da kyau, motar nan fa ba ta da sandar giya sam.” Muka duba, haka ne. Feda biyu a ƙasa, 'yan maɓallai a tsakiya, sai wasu dogayen faifai guda biyu a bayan sitiyari kamar kunnuwan zomo. Ka ja na dama giya ta hau, ka ja na hagu ta sauka. Masu motocin fadil suke ce musu, mu dai a teburin nan kunne muka raɗa musu, kuma da kunne zan ci gaba da kiransu.

Nan fa gardama ta ɓarke. Wani ɗan Gombe ya ture kofinsa ya ce shi ko kyauta aka ba shi ba ya so, wai motar da ba ta da kuloci motar mata ce, namiji sai da giyar hannu. Ɗan Gusau ya ce ai shi ya sa har yanzu kuke baya, duniya ta daɗe da wuce wajen. Aka rabu gida biyu, har mai shayi ya sa baki yana juya ƙwai. Ni ma na yi ta zuba, don injiniyan kanikanci nake karanta, ba na iya jin an taɓa maganar giya in kama bakina. Sai da muka tashi na lura cewa mutum ɗaya a cikinmu bai ce uffan ba tun da aka haɗa namiji da kuloci. Cutar shan inna ta taɓa ƙafarsa ta hagu tun yana ƙarami, wato ita ƙafar da ake taka kuloci da ita. Kuma mu duka babu wanda ya kama shi a sanin motoci. Abin ya tsaya mini a rai har ɗaki, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, da izininsa.

Na san abin da wasunku za su ce. Mu da sai mun yi karo-karo muke cika tukunyar gas, ina mu ina Ferrari? Gaskiya ne, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Amma ai muna raba dare muna musu a kan ɗan wasan da ya kamata Arsenal ta saya, alhali ko kwabo ba mu da shi a kulob ɗin. Wannan gardamar ma ta fi waccan riba, don wasunmu da giyabos za su ci abinci bayan digiri.

Kafin komai a gyara wani kuskure da aka yi ta maimaitawa a teburin. Kunne ba giya ba ne. Makunni ne kawai, kamar na fitila. Abin da ke bayansa shi ne magana, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai otomatik ɗin da muka saba da shi, irin na Camry da Lexus, wanda aka liƙa masa kunnuwa don direba ya ɗan ji kamar yana yin wani abu. Yawancin motoci masu kunne da kuke gani a titin Legas wannan ne, don haka in ka ga kunne a motar yayanka kada ka je kana cika baki.

Sai wani iri, wanda a zahiri giyar hannu ce sak da kulocinta guda ɗaya, illa an sallami ƙafarka da hannunka an ɗauki kwamfuta da famfon mai su yi aikin. Ferrari ta fara sa shi a motar titi a 1997, a kan F355, ta kira shi F1. Lamborghini ta yi nata a Gallardo da Murciélago ta sa masa suna e-gear. Ku riƙe wannan a ranku, zan dawo kansa, don da shi nake da rigima.

Na baya-bayan nan shi ne mai kuloci biyu, kuma shi ne a cikin 458 ɗin da muka gani. Ka ɗauka giyabos biyu ne aka cusa a akwati ɗaya. Kuloci ɗaya na riƙe da lamba 1, 3, 5 da 7, ɗayan na riƙe da 2, 4 da 6. Kana tafiya a lamba uku, lamba huɗu ta riga ta shiga tana jira. Da ka ja kunne, wannan ya saki wancan ya cafke, ƙarfin inji bai yanke wa taya ba. Duk wanda ya taɓa ganin mata biyu na lugude a turmi ɗaya ya gane abin: taɓarya ɗaya na tashi, ɗaya na sauka, turmi bai huta ba. Porsche ta gwada shi a motocinta na tsere tun shekarun 1980, Volkswagen ta fito da shi kasuwa a Golf R32 a 2003, ita kuma Porsche ta sa nata mai suna PDK a 911 a 2008.

To, maganar wanne ya fi gudu, wannan shari'ar an yanke ta tun ba a haifi kowa a teburinmu ba. A 1989 Ferrari ta shiga gasar Formula 1 da motar da wani Bature ɗan Ingila, John Barnard, ya zana, mai kunnuwa a bayan sitiyari. Tseren farko na shekarar, a Rio ta ƙasar Birazil, Nigel Mansell ya lashe da ita. Motar ta yi ta ba su matsala a sauran shekarar, amma kowa ya ga inda aka dosa: hannu biyu na kan sitiyari, ba a ɓata lokaci, ba a kuskuren giya. Bayan 1995 ba a sake ganin mota mai sandar giya a gasar ba. Mutanen da ke kashe miliyoyi don su rage ɗan ɓurɓushin daƙiƙa su ne suka fara jefar da sandar. Wa ya isa ya ce musu ba su iya tuƙi ba?

A motar titi ma haka. Ku ɗauki Porsche 911 GT3 ta 2021, don ita ana sayar da ita iri biyu, inji ɗaya jiki ɗaya. Kamfanin da kansa ya ce mai kunne tana tashi daga tsaye ta kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.4, mai giyar hannu kuma 3.9, kuma wannan ɗin ma sai in gwani ne a ciki. Ferrari 430 Scuderia tana sauya giya cikin dubu sittin... bari in faɗa daidai, kashi 60 cikin dubu na daƙiƙa ɗaya. Kafin ka ƙifta ido ta gama. Duk ɗan giyar hannun da ya ce maka shi ya fi kwamfuta sauri, saya masa shayi kawai ka rabu da shi.

Yanzu ɗan Gombe, mutumina, zo nan. Lewis Hamilton da kunne ya ci kambun duniya sau bakwai. Shi ma ba namiji ba ne? Sannan akwai wata Bafaranshiya, Michèle Mouton, wadda ta tuƙa Audi Quattro mai giyar hannu a tseren daji da duwatsu, ta ci manyan tsere huɗu, ta zo ta biyu a duniya a 1982, maza na bayanta suna shan ƙura. Ba ma sai an je Faransa ba. Hajiyoyi nawa ne malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka yi shekaru suna tuƙa Beetle da 504 a Kaduna da Zariya, lokacin da otomatik sai gidan wane da wane? Kuloci bai san mace ba, bai san namiji ba. Ƙafa ya sani. Kuma wanda ƙafarsa ba za ta iya ba, kunne ne ya buɗe masa ƙofar da a da take a rufe. Alex Zanardi, ɗan Italiya, ya rasa ƙafafunsa biyu a hatsarin tsere a Jamus a 2001, ya dawo ya shiga BMW da aka gyara masa, ya sake cin tsere a gasar duniya. Ni ban ga wanda zai kalli wannan mutumin ya yi masa maganar kuloci ba. Mu dinga tauna magana, don Allah. Ba ka san wanda ke zaune a gefenka ba.

Na ce ina da rigima da mai kuloci ɗaya. Ga dalili. Bara na yi nawa aikin sanin makamar a wani gareji a nan Legas, inda ake kawo manyan motoci. Wata rana aka sauke Gallardo daga kan motar ɗaukar mota, baƙa wuluk, ko ƙwarzane babu. Ba ta tafiya. Tun kafin a buɗe ta ƙaurin da ke tashi ya gaya mana komai, duk wanda ya taɓa bin tsohuwar tifa a hawa ya san wannan ƙaurin. Kuloci ya ƙone. Mai motar ya rantse bai taɓa gudu da ita ba, kuma gaskiyarsa, rashin gudun ne ma ya kashe ta. Irin wannan giyar in kana sululu a gosulo, ka matsa taku biyu ka tsaya, kwamfuta tana riƙe kuloci rabi a kame rabi a sake, yana ta gogawa yana cin kansa. Ribas a kan gangara kuwa ya fi komai cinye shi. Direba mai giyar hannu yana jin abin a tafin ƙafarsa, sai ya sa firi ya jira gaba ta buɗe. Mai kunne ba ya jin komai sai ranar da mota ta ƙi tashi.

Sai da aka sauke giyabos gaba ɗaya. Aka yi odar kaya daga waje, mota ta yi makonni a lulluɓe da tampol, mu yara muna zagaya ta muna ɗaukar hoto. Bayan an ɗaura sabo ma ba a gama ba, sai an jona mata kwamfuta an koya mata inda sabon kulocin ke kamawa. Maigidanmu ya dube ni ya ce, “Yaro, wannan motar ba a yi ta don garin nan ba, kuma garin nan ba a yi shi don ita ba.” Me ya sa nake ba ku wannan labarin? Saboda in dai akwai wanda zai taɓa sayen irin motocin nan a cikinmu, ba sabuwa zai fara da ita ba. Tokumbo zai nema, mai shekara goma sha biyar ko ashirin, kuma waɗanda suka fi sauƙin kuɗi a cikinsu su ne masu wannan giyar. Araha ba ta ado. A Turai da Amurka har akwai garejin da sana'arsu ke nan, su cire wa tsofaffin Ferrari wannan na'urar su mayar da su giyar hannu, masu su na biyan kuɗi mai yawa suna godiya.

To in kunne ya fi sauri, mai kuloci biyu kuma ya gyara yawancin matsalar gosulo, me ya rage wa giyar hannu? Nan ne zan rabu da ɗan Gusau.

Kawuna direban haya ne, ya yi shekaru yana Kano zuwa Jos da Peugeot 504 doguwa, Fijon nan da a da ake haɗawa a Kaduna. Shi ya koya mini mota, a wata tsohuwar Golf, a filin makarantar firamaren unguwarmu. Ranar farko na kashe ta ya fi sau goma. Ban taɓa ganin ya kalli allon gaban mota ba, ni ma ya hana ni. Sai ya ce, “Ɗan nan, bar kallon allura, saurari injin. Shi zai gaya maka abin da yake so.” Na taɓa bin sa hanya ina ƙarami, muka ratsa dajin Falgore muka kama hawan da ke kai mutum Jos, mota cike da fasinja da kaya har kan but. Yadda yake sauke giya kafin hawa, ba bayan mota ta fara nishi ba, yadda yake riƙe ta da giya a gangara ba ya dame birki, fasinja na barci ko gyangyaɗinsu bai katse ba. A lokacin na ɗauka motar ce mai kyau. Sai da na kama sitiyari da kaina na gane ashe hannu ne.

Wannan abin shi ne giyar hannu ke sayarwa, ba gudu ba. Ku nemi bidiyon Ayrton Senna yana tuƙa Honda NSX a filin Suzuka na Japan, da takalmin zuwa ofis da farar safa, an sa kyamara a kan ƙafafunsa. Yana tunkarar kwana, kan ƙafar dama na danne birki, ta hagu ta taka kuloci, sai ya karkato gefen ta daman ya ɗan tsokani totur, inji ya ɗaga murya daidai da giyar da zai sauka, ya saki kuloci, mota ko gezau. Ƙafa biyu, feda uku, hannu ɗaya a sanda, duk cikin ƙiftawar ido. Kwamfuta tana yin wannan, har ta fi shi daidaito. Amma babu wanda zai zauna ya kalli bidiyon kwamfuta sau ashirin. Shi dai Sennan ne a 1991 giyoyinsa suka lalace a tseren ƙasarsu Birazil, ya ƙarasa zagayen ƙarshe da lamba shida kaɗai, ya ci, aka ciro shi daga mota jiki duk ya sage. Har yau ana ba da labarin.

Tsofaffin Ferrari kuwa har da ado suka haɗa. Sandar giyar siririn ƙarfe ce, tana tafiya a cikin farantin ƙarfe mai tsagogi a buɗe, kowace lamba da layinta. In ka sauya sai ka ji ƙarfe ya gaisa da ƙarfe, ƙwas. Mutane na biyan dukiya saboda wannan ƙarar kaɗai.

Ga kuma abin da ya fi ba ni dariya. A nan gida giyar hannu ta talaka ce. Ita ce ta ɗan tasi da ɗan Sharon da mai ɗaukar tumatir, in ka je sayen mota ma mai giyar hannu ta fi sauƙi. A can kuwa ta zama ta masu hannu da shuni. Ferrari ta daina yin giyar hannu wajen 2012, Lamborghini ta bi bayanta da ƙarewar Gallardo. Ferrari 599 GTB guda 30 kacal aka yi masu giyar hannu, kuma a 2015 an yi gwanjon ɗaya a Amurka kan dala 682,000, ninkin-ba-ninkin kuɗin 'yar uwarta mai kunne. Porsche ta fito da GT3 a 2013 ba giyar hannu, masoya suka yi ta ƙorafi. A 2016 ta yi 911 R guda 991, duka giyar hannu, aka wawashe su, farashinsu a hannun 'yan kasuwa ya yi tashin gwauron zabo. A 2017 ta mayar wa GT3 sandarta. Gordon Murray, wanda ya zana McLaren F1, ya fito da T.50 a 2020: guda 100, inji mai silinda 12 da ke juyawa har sau 12,100 a minti, giyar hannu mai lamba shida, kowace sama da fam miliyan biyu. Pagani ma ta sa giyar hannu a Utopia. Wato abin da Kawu ke yi don neman na cefane, attajiri na bin layi ya biya biliyoyin naira a bar shi ya yi.

Sai dai kada 'yan ɓangarena su yi saurin tafi. Tsadar nan ba hujja ba ce cewa giyar hannu ta fi. Ƙarancinta ne ya sa. Me ya sa 599 talatin kawai aka yi? Don lokacin da take sabuwa masu kuɗin ba su nema ba, kunne suka zaɓa. Kamfanonin nan ba ƙiyayya suka yi wa sanda ba, ciniki suka bi. Masu ihu a intanet cewa a dawo da giyar hannu, yawancinsu irinmu ne, ko taya ɗaya ba za su iya saya ba.

Kuma akwai inda giyar hannu ba ta da wurin zama kwata-kwata. Ferrari SF90 tana da ƙarfin doki dubu, injin fetur haɗe da injinan lantarki uku, tana kai kilomita 100 cikin daƙiƙa 2.5. Kafin hannunka ya bar sitiyari ya isa sanda lamba ɗaya ta ƙare. A irin wannan ƙarfin, cire hannu ɗaya daga sitiyari ba jarumta ba ce, ganganci ne. Ga kuma kuskuren da kowane mai giyar hannu ke tsoro: kana cikin gudu kana neman lamba huɗu, hannu ya zame ya faɗa biyu. Taya ta tilasta wa inji juyin da ya fi ƙarfinsa, bawul ya yi karo da fistin, shi ke nan. A Golf ka je Ladipo ka nemo wani injin. A Ferrari kuɗin gida ne ya tafi. Mai kunne kuwa ko ka ja sau goma, in kwamfuta ta ga zai yi wa inji illa ba za ta saukar ba.

Abu ɗaya ne ke ba ni tsoro da kunne, kuma duk wanda ya taɓa ganin wasan mota a bikin aure a Kano ko Kaduna ko Abuja zai gane ni. Mota mai giyar hannu tana yi maka jarrabawa kafin ta bar ka ka fita daga gida. In ba ka iya ba za ta mutu a ƙofa, yara su yi maka dariya, ka koma ka koya. Mai kunne ba ta tambayar kowa komai. Yaron da ya karɓi makulli jiya zai iya sakar wa taya doki ɗari shida yau, ya ji kamar shi ne ya iya, alhali mota ce ke rufa masa asiri, har zuwa kwanar da asirin zai tonu, galibi a kan ɗan acaɓa ko mai talla da bai ji ba bai gani ba. Amma ko nan ba zan yi muku ƙarya in ce sanda laya ce ba. Porsche Carrera GT giyar hannu ce zalla, kuma a cikinta Paul Walker na finafinan Fast and Furious ya rasu a 2013 a Kalifoniya, wanda ke tuƙin kuma abokinsa ne da ya saba shiga tsere. Gudu a titin jama'a ba ruwansa da irin giyarka.

To ni wanne zan ɗauka? GT3 mai giyar hannu, in bar musu rabin daƙiƙarsu. Ina zan kashe rabin daƙiƙa? A gadar Third Mainland ranar Litinin da safe? Dalilina shi ne, waɗannan motocin masu kunne sun ƙware har sun wuce titi. Ba sa farkawa sai a gudun da zai kai ka ko dai hannun hukuma ko makabarta. A kilomita sittin zaune kawai kake kamar fasinja a motarka. Mai sanda kuwa ko zagaye unguwa za ka yi kana da aiki. Kowace kwana dama ce ta ka yi daidai ko ka kwafsa, kuma in ka yi daidai ka san kai ka yi. In dai don nishaɗi zan sayi mota, ban ga dalilin da zan biya wani ya ji daɗin a madadina ba.

Amma da sharaɗi. In ita kaɗai ce motata kuma a Legas nake zaune, kuloci biyu zan ɗauka ba kunya, don ƙafar hagu ma tana da haƙƙi a kaina, awa biyu daga Lekki zuwa Yaba kana taka kuloci mai tauri ba wasa ba ne. In ƙarfinta ya haura doki ɗari bakwai, kunne. In tsohuwa ce mai kuloci ɗaya da kwamfuta, ko da rangwame a kai kasuwa. Duk da dai, tsakani da Allah, ruwan saman Yuli da tudun rage gudu na unguwanni za su gama da ƙasan motar kafin a zo maganar giya.

Shi kuma abokin namu da ya yi shiru, da na nuna masa rubutun nan kafin in saka, gyara ɗaya ya yi mini a lissafin Scuderia, sannan ya ce shi 458 ɗin nan dai yake so, ja, kuma in na ga dama in biyo shi da sandata mu ga wanda zai riga isa Ibadan. Ɗan Gombe ya ba shi haƙuri jiya, ya kuma biya kuɗin shayin kowa, abin da ba a taɓa gani ba tun da muka shigo aji ɗaya.

Da safiyar nan na kira Kawu na kwashe duk labarin na gaya masa, har da kuloci biyu da lugude. Ya saurara tsaf bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, “To ɗan nan, ita wannan Farari ɗin, fasinja nawa take ɗauka?” Na ce mutum ɗaya ne, Kawu, ban da direba. Ya ce, “Buhu fa?” Na ce ko rabin buhu sai an danna. Ya yi shiru, har na ɗauka layi ne ya yanke. Can sai ya ce in gaishe da abokan nawa, kuma in mayar da hankali a kan karatu.